Kalmomi Goma Sha Biyu a Akwatin Baba

Matamaye, ranar Lahadi, 12 ga watan Mayu

Zuwa ga yayana Sa'adu, a wurin haƙar zinariya na Cibarakaten.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka baki ɗaya. Allah ya tsare ku daga ruftawar rami da sharrin hanya, ya sa albarka a guminka, ya maido mana da kai gida da ƙafafunka. Tun kiran da ka yi mana kafin azumi ba mu sake jin muryarka ba. Mun san ba laifinka ba ne, wurin ne babu rezo, waya ba ta kamawa, amma ka san Inna, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta aika a duba ko saƙonka ne. Direba Mansur zai tashi daga Damagaram jibi, ya ce in hanya ta yi kyau cikin kwana tara zai danƙa maka wannan hannu da hannu.

Mutanen gida duk lafiya lau. Matarka Aminatu tana nan da haƙurinta, ta ƙara awaki biyu a kan waɗanda ka bari. Marwan ya zubar da haƙoran gaba, yanzu in ya yi dariya sai ka rantse kakansa ne. Yana ajin da ke kusa da wanda nake koyarwa a lakwal, makarantar bokonmu, kuma ina jiyo muryarsa ta cikin bango fiye da ta malaminsu, ban san inda ya gado surutu ba tunda kai ka ce ba kai ba ne. Ɗiyarka Shekara ta fara tafiya, ta kuma gano inda Inna ke ɓoye ƙuli-ƙuli. Zafi kuwa bana sai addu'a. Hadari ya haɗu sau biyu ta wajen Yauri ya watse bai ba mu ko ɗigo ba. Raken lambu yana nan yana jiran ruwa, mai ya yi tsada, tsohon injin kuma kwana biyu yana aiki kwana uku yana wurin gyara.

Abin da ba ka sani ba shi ne Baba ya yi jinya. Bayan Salla da mako guda ciwon cikin nan nasa ya tashi, har aka ce sai an yi masa aiki a Damagaram. Kada hankalinka ya tashi, an yi aikin an gama lafiya, ya dawo gida yau kwana goma sha shida, yana cin abinci, yana zuwa zaure da sanda, har ya soma faɗa da masu barin ƙofa a buɗe, ka ga kuwa sauƙi ya samu. Sai dai likitan ya ja mu gefe ni da Baffa Illa ya ce jinin Baba yana hawa ƙwarai, zuciyarsa kuma ta gaji, a kiyaye shi da duk labarin da zai girgiza shi. Ka riƙe wannan maganar ta likita, domin ita ce ta ɗaure mini hannu a cikin abin da zan gaya maka.

Yaya, na yi ta juya yadda zan fara, na yaga takarda biyu, sai na ga gara in faɗa maka kai tsaye. Kuɗinka na kirifto, kuɗin intanet ɗin nan waɗanda ka tara shekara uku don a sa wa lambu famfo mai aiki da hasken rana, an kwashe su. Asusun nan na waya da Khalifa ɗan Goggo Zara ke kira walet babu kome a cikinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san za ka ajiye takardar nan ka tashi tsaye, to in ka zauna ka daure ka karanta har ƙarshe, domin asarar kuɗin ba ita ce ta sa ni rubutu ba. Ana shirin ɗora wa Khalifa satar, shi kuwa bai ɗauki ko dala ba. Ni na san yadda aka yi, don da hannuna aka yi.

Ka tuna ranar da za ka tafi, ka kawo wa Baba wata 'yar takarda a naɗe cikin leda, ka ce ya sa maka a akwatin amana, kada kowa ya gani, in ta Allah ta kasance a kanka a hamada a ba Aminatu ta kai wa Khalifa. Ka san akwatin, baƙin nan na ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa tun ba a haife ni ba. Shekara arba'in mutanen unguwa da na ƙauyukan Kance suna kawo masa ajiya, takardar gona, 'yan kunnen marainiya, kuɗin mai tafiya cirani, kuma ba a taɓa cewa ko allura ta ɓata a hannunsa ba. Baba ba shi da shanu, ba shi da bene, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi a garin nan shi ne in an ce wane ya ajiye abu wurinsa, magana ta ƙare. Mu ma da wannan sunan muke shiga ko'ina a ba mu tabarma.

To da aka sa ranar aiki, Baba ya sa a ransa ba lallai ya dawo ba. Ka san tsarinsa, ya sha faɗa cewa mai riƙon amana ba ya tafiyar da ba shi da tabbacin dawowa sai ya kafa shaidu, don kada ya mutu magada su ce kayan gado ne. Haka ya yi lokacin da zai tafi Makka, haka ya sake yi ranar Juma'ar da ta gabaci tafiyarmu. Bayan an sauko daga masallaci ya tara liman da Baffa Illa da dattawa huɗu a zaure, aka jawo akwatin, ya riƙa fiddo kaya ɗaya bayan ɗaya, a kwance, a nuna, a faɗi mai shi da wanda za a ba in mai shi ba ya nan. Takardun ajami liman ya karanta, na boko kuma aka kira ni, na zauna daga bakin ƙofa. Da aka zo kan taka, Baffa Illa ya tuna masa cewa ka ce kada kowa ya gani. Baba ya ce abin da kake nufi baƙi ne da 'yan tsegumi, shaidu kuwa ba su cikin kowa, kuma shi ba zai sa mutane su shaidi ƙulli ba su san abin da ke ciki ba. Aka kwance ledar. Kalmomi ne goma sha biyu na Ingilishi da rubutun hannunka mai kama da tafiyar kaza, kowace da lambarta. Na karanta su ina tuntuɓe, tunda ni Faransanci na koya. Dattawa suka yi ta dariya, ɗaya ya tambaya ko wata addu'a ce ta mutanen Arewa ka samo, wani ya ce ai wannan ajiya ko ɓarawo ya tsinta zai mayar. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe baki.

Da a nan aka tsaya, da babu abin da ya faru, domin babu wanda ya riƙe ko kalma ɗaya a cikinsu. Sai Baba ya ce abin da ke damunsa shi ne gara, takarda ce 'yar ƙarama, in ya daɗe a kwance ko ya tafi gaba ɗaya wa zai riƙa dubawa. A nan ne ƙanwarka mai ilimin boko ta buɗe baki. Na ce ai yanzu an wuce wannan wahala, bari in ɗauki hoton kowace takarda in sa a gurup ɗin dangi na waya, kowa ya zama shaida, gara ba ta cin abin da ke cikin waya. Liman ya sa mini albarka, Baba ya dube ni da irin kallon da yake yi in ɗansa ya fidda shi kunya. Wallahi, Yaya, daɗi na ji har cikin raina. Na shimfiɗa takardarka a kan murfin akwatin, na gyara ta don haske ya kama ta sosai, har sau biyu na ɗauka saboda na farkon bai fito da kyau ba. Na haɗa da hoton Baba zaune a gaban akwatinsa, na rubuta a ƙasa cewa ga amanar Yaya Sa'adu, kowa ya shaida.

Gurup ɗin nan mutum tamanin da bakwai ne, na ƙirga daga baya, kuma akwai lambobi goma sha ɗaya da har yau ban san masu su ba. Wannan ma da sauƙi. Hotunan sun burge mutane, sai aka shiga tura su gaba. Goggo Zara ta tura wa matan islamiyyarsu, wani ya sa a gurup ɗin 'yan Kance mazauna Kano, daga can ya kai Legas da Kwatano, ana rubuta cewa a zo a ga dattijon da ya rage a zamanin nan. Har a gadon asibiti ina karanta wa Baba addu'o'in da baƙi ke yi masa, yana murmushi yana cewa a daina, yabo na Allah ne. Duk inda yabon ya je, kalmominka goma sha biyu suna biye da shi.

Mutum ɗaya ne a danginmu da zai ga hoton nan ya san mene ne, shi ne Khalifa, shi kuma ba ya cikin gurup ɗin. Tun bara Baffa Illa ya fitar da shi, wai ya ishi mutane da zancen kirifto safe da yamma. Ka san ni ma ban raga masa ba, taubashina ne, na sha tsayawa a rumfarsa ta gyaran waya da ke tasha in tambaye shi yaushe zai saya mini mota da kuɗin iska. Shi ne dai ya buɗe maka asusun, shi ne yake canza abin da ka turo wa Aminatu ya zama sefa, kuma yana da hanyar leƙa abin da ke ciki ba tare da ya iya taɓawa ba. Kwana shida bayan hoton, muna Damagaram, ya leƙa ya tarar wayam. Ya ce da farko ya zaci irin abin bara ne ya sake faruwa, lokacin da ɓarayin intanet suka fasa rumbun wani kamfanin kuɗin kirifto da samarin garin nan suka zuba wa rai, suka kwashe na kowa a yini ɗaya. Ya bincika ya ga babu kamfanin da aka fasa a ranar, naka kaɗai aka ɗauka, kuma ba a ɓalle kome ba, da mabuɗi aka shiga. Don gaskiyarsa bai ɓoye ba, da ƙafarsa ya je ya gaya wa Baffa Illa ranar da muka dawo.

Ka san Baffa Illa, ba mugu ba ne, amma in ya kama hanya ɗaya ko rijiya ce a gaba sai ya taka. Ya yi lissafinsa ya ce takarda tana cikin akwati, akwati yana kulle, mabuɗi yana wuyan Baba har cikin ɗakin aiki, saboda haka ba ta nan aka bi ba. Mai kuɗi yana hamada. Saura wa ya san hanyar kuɗin in ba wanda ya buɗe asusun ba? Dattawan da suka yi shaida duk suka ce haka ne. Babu ɗaya a cikinsu da ya kawo hoton a ransa, ni ma a lokacin ban kawo ba, mun ɗauka kalmomin wata alama ce kawai da za a nuna wa Khalifa ya gane saƙo daga gare ka yake. Aka yanke cewa Khalifa zai dafa Alƙur'ani a gaban liman, aka kuma haɗa baki cewa Baba ba zai ji ba saboda maganar likita. Amma Matamaye ce, abin da aka faɗa a zaure da hantsi kafin la'asar ya kai tasha. Mutane sun soma zuwa suna karɓe wayoyinsu ba a gama gyara ba. Wata mata ta tsaya a gaban rumfar ta ce a fito mata da tata kafin a shanye abin da ke ciki. Matarsa Anisa ta daina zuwa gidan suna da na biki. Goggo Zara, uwar da ta haife shi, ta zo gidanmu ta zauna a ɗakin Inna ta yi kuka marar sauti don kada yayanta ya ji daga zaure, ba ta san hoton da ita ma ta tura gaba shi ne ya jawo wa ɗanta wannan ba.

Ranar Talatar da ta wuce na biya ta rumfarsa bayan an tashi daga lakwal, ba don in yi masa tsiya ba wannan karon. Na tarar da shi zaune babu waya ko ɗaya a kan teburin. Ya nuna mini a tasa wayar inda kuɗin suka bi, wai kome a rubuce yake kowa na iya gani, daga asusunka zuwa wani, daga can aka raba su gida tara, kowane kaso ya kama gabansa. Ka gan su da idonka amma ba ka isa ka taɓa ba, kamar ka hango akuyarka a bayan motar da ta riga ta tashi. Ya ce abin da ya hana shi sukuni shi ne yadda aka samu mabuɗin, domin shi da kansa ya juya baya ranar da kake rubuta kalmomin, ya kuma gargaɗe ka cewa duk wanda ya gan su ya zama mai kuɗin, ba a tambayarsa suna, ba a tambayarsa shaida. Yaya, ban san lokacin da na zauna a kan bencinsa ba. Na fiddo wayata, na nemo hoton na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ƙirga kalmomin da yatsa har ƙasa, sannan ya tambaye ni mutum nawa suka gani. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma ɓarawon ba za a taɓa saninsa ba, yana iya zama a Kano, yana iya zama a wata ƙasar da ba mu taɓa jin sunanta ba.

Na ce masa ya tashi mu je wurin Baffa Illa yanzun nan in faɗi abin da na yi. Sai ya ƙi. Ya ce in aka ce hoto ne, dole a ce hoton me, a ina, wa ya sa aka kwance ledar, kuma kafin magariba maganar ta shiga kunnen kawunsa cewa amana ta salwanta a hannunsa, a gaban shaidun da shi ya tara. Ya ce shi yaro ne, zai iya komawa Damagaram ko Maraɗi ya sake kafa rumfa, amma tsoho mai ɗinki a ciki in aka karɓe masa abu ɗayan da yake da shi, ina zai koma? Ya ce zai dafa Alƙur'anin, ai a kan gaskiya zai rantse, ba abin da zai same shi. Wannan mutumin da na shekara ina kira mai kuɗin iska shi ne yake gaya mini haka, ni kuwa ko kallon fuskarsa na kasa yi. Amma ni da kai mun san garinmu. Wanda aka sa ya dafa a kan sata, ko ya fita, ba ya fita duka. In ya yi zazzaɓi bayan shekara biyar za a ce rantsuwa ce ta kama shi, in ɗansa ya faɗi a jarrabawa za a ce ita ce. 'Ya'yansa za su girma da sunan.

Kada ka sa rai da dawowar kuɗin, gara in gaya maka tun yanzu. Maigidana ya raka Khalifa wurin jami'an tsaro, sun saurare su da mutunci sun rubuta, amma ba su ɓoye musu cewa abin ya fi ƙarfin nan ba. Sannan ga wasu da suka soma kiran Baffa Illa a waya, ban san inda suka samu labari ba, wai su ƙwararru ne masu kamo kuɗin da aka sace, a tura musu na aiki kawai. Saura kaɗan ya sayar da ragonsa. Khalifa ne ya aika masa ta bakin maigidana cewa waɗannan 'yan uwan na farkon ne, masu bin sawun wanda aka yi wa sata su ƙarasa shi. Da Baffa ya ji daga inda shawarar ta fito sai ya ce ai ga shi nan, Khalifa ba ya so a gano ɓarawon. Allah ya sa dai Inna ta hana shi sayar da ragon. In wani ya zo maka da irin wannan zance a can, kada ka ba shi ko sisi.

Ni kam tun ranar Talatar nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ina tsaye a gaban allo sai in manta abin da nake rubutawa, yara su yi ta kallona. Ina jin tsoro, Yaya. Ina tsoron fushinka, ina tsoron idon Goggo Zara in ta gane, amma tsoron da ya fi kowane shi ne in buɗe baki Baba ya faɗi a gabana. Ba zan ɓoye maka ba, a takardar farko da na yaga roƙonka na yi ka yi ƙarya. Na ce ka kira ka ce kai ne ka matsar da kuɗinka zuwa wani asusu ka manta ba ka faɗa ba, ka ga Khalifa ya fita, Baba bai ji kome ba, ni ma na tsira. Da na karanta abin da na rubuta sai na ga ashe kaina na fi yi wa dabara. Na cinye maka gumin shekara uku, sannan in ɗora maka ƙaryar da za ka riƙe har ƙarshen ranka, kana dawowa Baba yana tambayarka ina famfo. Kuma ɗiyar mai akwatin nan ce ni, a gabansa na girma, na san abin da zai ce in ya gano an tsare masa suna da ƙarya.

Ga abin da na yanke. Na je wurin liman na roƙe shi ya ɗaga rantsuwar, na ce a jira a ji daga bakin mai kuɗi, ya yarda ya kai ta Juma'ar ƙarshen watan nan, ranar talatin da ɗaya. Ranar Alhamis, jajibirinta, zan shiga wurin Baba da safe bayan ya sha maganinsa, in durƙusa in gaya masa kome, sannan in fita zaure in maimaita a gaban Baffa Illa da shaidun nan, da wayata a hannu. Khalifa bai sani ba, in ya sani zai hana ni. Zan yi haka ko ka kira ko ba ka kira ba, domin ba zan zauna in ga ya ɗora hannu a kan Littafi saboda abin da na yi ba.

Abin da nake roƙonka ɗaya ne, kuma na san ban cancanci roƙo ba. In takardar nan ta same ka a kan lokaci, ka nemi mai wayar tauraron ɗan'adam ɗin nan da kuke biya a minti, ko nawa ne, ka kira lambar maigidana kafin ranar Alhamis ɗin, mu kai wa Baba wayar. Ba sai ka ambaci asara ba, wannan aikina ne. Ka dai gaya masa da bakinka cewa duk abin da ya samu ajiyar da ka ba shi, ko yau ko gobe, ka yafe duniya da lahira, kuma in ka dawo wurinsa za ka sake kawo ajiyarka. Ina so ya ji yafiyarka kafin ya ji asarar, ko zuciyarsa ta samu abin dafawa. Ni kuma ba na neman ka yafe mini a waya. Ka dawo lafiya ka zauna ka faɗa mini duk abin da ke ranka, zan sunkuyar da kai in ji. In fushi ya hana ka kiran, ba zan ga laifinka ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe kanka da rana, ta kuma ba Mansur ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli ya kawo maka. Aminatu tana gaisuwa, ta san an yi asarar amma ba ta san ta hannun wa ba, ita ma ranar Alhamis za ta ji. Marwan ya ce a gaya maka ya iya rubuta sunansa, Shekara kuma ta dangwala yatsa a miya ta sa maka hannu a gefen takardar nan, shi ne tabon da kake gani. Baffa Illa da Goggo Zara da maigidana duk suna gaisuwa. Khalifa ya ce in gaishe ka, bai ƙara kome a kai ba. Ka gaishe mana da Salisu na Kurni da duk 'yan gida da ke tare da kai.

Baba ya gan ni ina rubutu a tsakar gida ɗazu, ya tambaya wa nake rubuta wa, na ce kai. Sai ya sa aka jawo masa akwatin, ya ciro mabuɗin daga wuyansa, ya fiddo takardarka ya kwance ledar a hankali, ya miƙo mini ya ce in ƙirga masa. Na ƙirga. Ya mayar ya ɗaure ya kulle, ya ce in rubuta maka cewa yana sa maka albarka, ka kwantar da hankalinka ka yi aikinka, amanarka tana nan yadda ka bar ta, kalmomi goma sha biyu cif, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ya tsaya a kaina sai da ya ga na rubuta.

Allah ya sada mu da alheri. Ka kira, Yaya.

Taka ƙanwa,
Jannatu